Birnin Kano A Ƙafa, Daga Dala Zuwa Kabuga

Aikin En'e tun asalinsa aikin ƙafa ne. Sa'ad da aka kafa Baitulmalin Kano cikin shekara ta 1909, aka soma auna gonaki domin a daidaita haraji, ba da sarƙa aka fara awon ba, da taki aka fara. Malami ya kan bi iyakar gona yana ƙidaya sawunsa, tsawo da faɗi, sa'an nan ya zauna gindin itace ya rubuta. Don haka aka riƙa kiran waɗannan ma'aikata malaman taki. Haka nan mai unguwa ya riƙa bin gida gida lokacin ƙidayar masu biyan haraji, duba-gari ya riƙa shiga lungu yana leƙa randa da kwata, dogari ya riƙa kai sammaci har ƙofar gida. Ko wanne daga cikinsu ya san wurin aikinsa da tafin ƙafarsa.

En'e dai ta wuce. An ƙirƙiri Jihar Kano cikin 1967, a 'yan shekarun da suka biyo baya gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari, cikin 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Amma birnin yana nan, waɗanda suka gaji tsofaffin ma'aikata kuma suna nan, watau hakimai da wakilai da dagatai da masu unguwanni da magatakarda. Sai dai yawancin zirga-zirgarsu yanzu a mota ce, mota kuwa ba ta shiga lungu, tarihin Kano kuwa a lunguna ya ke. Wanda ya ke so ya san abin da aka ba shi amana, sai ya keɓe yini guda, ya tashi daga Dutsen Dala da sassafe, ya ratsa gari a ƙafa har Ƙofar Kabuga. In ya bi wannan hanya zai tarar zamunna sun jeru a gabansa, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

DUTSEN DALA

A nan Kano ta fara. Jan dutsen nan akwai tama a jikinsa, ita ce ta jawo mutanen farko. Masu binciken kayan tarihi sun tono wurin narkar da ƙarfe a gindinsa, awon da suka yi ya nuna tun ƙarni na 7 na Miladiyya a ke hura wuta a nan. Labarin baka kuma ya ce waɗansu maƙera ne daga Gaya, waɗanda a ke kira Abagayawa, suka zo neman tama suka zauna.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya juya shi da Turanci cikin 1908, ya ba da labarin Barbushe, babban mutumin Dala, mai kula da tsafin Tsumburbura. Shi ne ya gaya wa mutanensa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su. Bisa ga lissafin da aka yi wa littafin, Bagauda ya zo cikin 999, daga gare shi kuma aka soma ƙidayar sarakunan Kano.

Mai tafiya in ya hau ƙoli, sai ya tsaya ya huta, ya duba fuskoki huɗu. Yamma ga Goron Dutse. Arewa ga Gwammaja. Gabas, bayan inda ganuwa ta tsaya, ga Fagge inda ayarin raƙuma su kan sauka a da, ga Sabon Gari wanda aka yanka wa baƙi cikin 1913. Kudu maso gabas ga hasumiyoyin babban masallaci, nan ne fada. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau nan cikin 1851 ya zana hoton gari. Abin da ya gani a lokacin, gidaje sun taru a sashe guda, sauran filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da makiyaya. Magabata ba su bar filin nan banza ba. In abokan gaba suka kewaye birni, mutane suna da wurin noma da kiwo a ciki, ba su fita. Yau ba sauran gona, rufin kwano ne iyakar ganin ido, gidaje ma sun matso har jikin dutsen, ruwan sama kuma yana zaizayarsa shekara shekara.

MADABO DA DANDALIN TURAWA

In aka sauko aka shiga lungunan da ke gindin dutse, ba a jima ba sai Madabo. Masallacin wannan unguwa yana cikin mafi daɗewa a birni. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahmani Zaite. Suka kira Sarki ga salla, ya karɓa, ya naɗa liman da ladan da mai yanka da alƙali daga cikinsu. Ashe ke nan alƙalancin da En'e ta riƙe a ƙarni na 20, tushensa yana cikin waɗannan lunguna. Sunayen baƙin nan ba su ɓace ba, gama unguwannin Zaitawa da Mandawari da Sheshe da su a ke kiransu. Madabo kuwa ta zama matattarar masu karatun fiƙihu, har wa yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo.

Kusa da nan sai Dandalin Turawa. Yaron yanzu in ya ji sunan, sai ya zaci mutanen Ingila a ke nufi. Ba su ba ne. Tun kafin a san Ingilishi a ƙasar Hausa, Larabawan Gadamus da Tarabulus a ke kira Turawa. A nan suka gina gidajensu masu bene, a nan su ke sauke kayan da raƙuma suka ratso hamada da su, watau alharini da takarda da turare da duwatsun wuya, su sayi ƙirgi da hauren giwa da gashin jimina su aika arewa. Gurasa da alkaki da Kanawa su ke alfahari da su, daga gidajen nan suka fito. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kaya suka koma bin hanyar Ikko, ayarin hamada ya yi ta raguwa har ya ƙare. Jikokin Larabawan suna nan, sun zama Kanawa.

KASUWAR KURMI

Daga nan hanya ta gangara zuwa Jakara. A da rafi ne da fadama mai duhun itatuwa, mutanen Dala suna girmama wurin, daga wannan kurmi kuma kasuwa ta samo sunanta. A shekarun baya kaɗan an yi wa rafin magudanar kankare, an shimfiɗa titi a kan wani sashe nasa, har mai mota ya kan wuce bai san ya ƙetare ruwa ba.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Kafin zamaninsa an riga an buɗe hanyar Barno da ta Gwanja, goro yana zuwa daga kudu maso yamma, gishiri da kanwa daga arewa da gabas. Da kasuwa ta kafu, ko wace ƙabila ta sami masaukinta. Wanda ya tambayi sunayen unguwanni zai ji Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. A Koki da Sarari kuma Agalawa suka yi ƙarfi, cikinsu ne aka sami Alhassan Dantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya koma sayen gyaɗa, ya rasu cikin 1955.

Akwai labari biyu game da kasuwar nan da ya kamata ko wane mai riƙe da rasit ya sani. Na farko, wani Baturen Ingila, Kilafaton, ya zo Kano cikin 1824, ya rubuta abin da ya gani. Ya ce Sarkin Kasuwa ne ya ke ba da hayar rumfuna, ya ke tsayar da farashi. Ya ce kuma in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, ya kai har Barno, ya kwance ya tarar da aibu, sai ya mayar, gama an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, dillali kuwa tilas ya nemo mai kaya a mayar wa mai saye kuɗinsa. Da irin wannan amana ce tufafin Kano suka kai Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Barth ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Na biyu ya riga na farko faruwa. Sarki Kutumbi, daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali. Sarki Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, ya ƙaro waɗansu kuɗaɗe iri iri, a zamaninsa kuma wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya tsananta wa Kasuwar Kurmi da karɓa, har malamai bai bari ba. Abin da ya biyo baya, kasuwa ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Kasuwa ɗaya ce, gyara ya cika ta, kwaɗayi ya kusa kashe ta.

Ba a ɓoye kuma cewa a wani sashe na kasuwar nan an yi cinikin bayi shekaru masu yawa, sai cikin 1903 aka rufe wurin. Yau manyan ciniki sun koma Sabon Gari da Kantin Kwari da Dawanau. Amma mai neman sirdi da linzami, ko jakar fata, ko kayan yaji, ko littattafan addini, Kurmi zai zo, hanyoyinta kuwa ba su fi mutum biyu su gitta juna ba.

SHARIFAI, MASALLACI DA GIDAN RUMFA

Maƙwabciyar kasuwa ita ce unguwar Sharifai. Wajen 1492 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano, Rumfa ya karɓe shi hannu biyu. Ya rubuta wa Sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Cikin abin da ya yi wa gargaɗi akwai kada Sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya riƙa zama inda mai rauni da mace da yaro za su iya kawo ƙara, ya riƙa binciken ma'aikatansa da dukiyar da ke hannunsu. Da zai tafi ya bar zuriya, su ne Sharifan Kano, shugabansu kuma har yanzu Sidi Fari a ke ce masa.

Daga Sharifai a nufi kudu sai babban masallacin Juma'a. An fara shi tun zamanin Rumfa, an sāke gininsa fiye da sau ɗaya. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sabunta shi a ƙarni na 19, da ƙasa, da doguwar hasumiya. A ƙarshen zamanin Abdullahi Bayero aka rushe na ƙasa aka yi na siminti mai ƙubba da hasumiya biyu.

Bayan masallaci ga katangar Gidan Rumfa, wanda faɗinsa ya kai eka 33. Kafin Rumfa, wannan wuri bayan gari ne. Shi ya gina gida a nan, ya ja ganuwa ta kewaye shi, birni ya ƙaru wajen kudu. Shi ya kafa majalisar da a ke kira Tara ta Kano, ya fito da kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. Sarakunan Haɓe suka zauna a gidan har zuwa Alwali, wanda jihadi ya kawar a farkon ƙarni na 19. Sulaimanu ya zama Sarki na farko na Fulani, Ibrahim Dabo ya gaje shi cikin 1819. Dabo ya tarar da tawaye ko ina, ya ga ƙasa ba ta riƙuwa sai da tsarin da ta saba da shi, saboda haka ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya sarautun da, irin su Galadima da Madaki da Makama da Wambai. Zuriyarsa ce ta ke sarauta tun daga lokacin.

ƘOFAR MATA

Al'ada ce a Kano ranar Salla Sarki ya fita daga gida a ƙasa, da malamai da hakimai a bayansa, ya taka har masallacin Idi a bayan Ƙofar Mata, sai an idar sa'an nan ya hau doki ya zaga unguwanni. Mai tafiya sai ya bi sawun nan gabas. A hanya zai wuce asibitin da En'e ta gina a farkon sarautar Abdullahi Bayero, wanda aka sani da Asibitin Birni, aka sa masa sunan Murtala Muhammad bayan rasuwarsa cikin 1976.

Dab da ƙofa ga karofi, wanda a ke cewa an kafa shi cikin 1498. Ramuka ne masu zurfi, an shafe cikinsu don kada su sha ruwa. Marini ya kan zuba ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki suna ruɓa yana motsawa, har kumfa ta taso. Sa'an nan ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa. In ya fito daga rami kore kore ya ke, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi, yawan tsomawa kuwa shi ke kawo duhun launi. Daga nan a kai wa masu bugu, su shimfiɗa a kan gungume su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. Irin wannan aiki ne, a nan da Kura da sauran garuruwan Kano, ya tufatar da Buzaye har cikin hamada. Yau atamfar kanti da rinin bature sun ci kasuwar, ramuka da yawa sun mutu, waɗansu shara ta cike su. Waɗanda suka rage suna aiki, dattawa ne mafi yawa a bakinsu.

ƘOFAR KUDU DA GIDAN MAKAMA

Daga karofi a komo ta Yakasai a ɓullo filin Ƙofar Kudu. Nan ne tsohon ma'aikacin En'e zai ji ya zo gida. Bayan da Turawa suka naɗa Abbas cikin 1903, aka raba ƙasa gunduma gunduma, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka yanka wa kowa albashi daga Baitulmali. A zamanin Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, aka raba wa 'yan majalisa ayyuka: Waziri a kan sha'anin shari'a, Madaki a kan hakimai, Galadima a kan birni, Ma'aji a kan kuɗi. Birnin kansa aka kasa shi fuska huɗu, da Wakilin Gabas da na Yamma da na Kudu da na Arewa. Cikin 1931 aka buɗe aikin ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki, da kuɗin En'e, watau da harajin talakawan Kano. Cikin 1934 aka buɗe makarantar shari'a, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci cikin 1947.

Waɗannan abin yabo ne. Amma filin nan ya ga ƙorafi kuma. An yi kuka da aikin tilas, da zalamar waɗansu masu karɓar haraji, da ɗaurin da ba hujja. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a Sudawa cikin 1920, ɗan gidan malaman shari'a ne, shi ne ya zama jagoran masu wannan kuka bayan kafa jam'iyyar NEPU cikin 1950. A shekarar nan ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Binciken kuɗin En'e ta Kano da aka yi cikin 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi cikin 1963. Gargaɗin Almagili da labarin Kumbari ba su tsufa ba.

Tsallaken fili ga Gidan Makama, inda a ke cewa Rumfa ya zauna kafin ya gina fada. Turawa sun yi ofis a ciki bayan sun ci gari, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da ƙarafan da aka ɗaure su da su, da sulke da lifidi da kayan sana'o'i. Amma ginin kansa ya fi kayan cikinsa abin kallo. Da tubali aka yi shi, aka ɗaura bakan gizo da azara, aka shafe da makuba. In rana ta take, mutum ya shiga soro zai ji sanyi ba da fanka ba. Gini irin wannan yana kai ɗaruruwan shekaru, da sharaɗi guda, a yi masa yaɓe kafin damina. In aka bar shi shekara kaɗan ba gyara, sai ruwa ya shiga ta ka, ya zube.

GANUWA

Daga Gidan Makama a miƙe zuwa Ƙofar Nasarawa, inda gadar sama ta haye yanzu. A waje can akwai gidan Sarki na Nasarawa, inda aka binne Abdullahi Bayero da Ado Bayero, akwai kuma Gidan Ɗan Hausa, inda aka fara makarantar boko cikin 1909. Mai tafiya ba zai je can ba yau, sai ya juya yamma ya bi gindin ganuwa.

Sau uku aka gina ta. Sarki Gijimasu, daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara, an ce ranar farko ya yanka wa ma'aikata shanu 100, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Rumfa ya faɗaɗa ta wajen kudu da gabas. A zamanin Muhammadu Nazaki, daga 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya ƙara ta wajen kudu maso yamma, daga Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya da Kabuga har Kansakali. Gwamna Lugga ya auna ta cikin 1903, ya rubuta kewayenta mil 11, ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, da gwalalo a bayanta, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Ko wace ƙofa da Sarkin Ƙofa, ya rufe da dare ya buɗe da asuba. Gyaranta kuwa aikin gayya ne, a kan raba wa masu sarauta, kowa da sashensa da mutanensa.

Ƙofofin da mai tafiya zai wuce, ko wace da labarinta. Sabuwar Ƙofa cikin 1937 aka fasa ta. Daga ita sai Ɗan Agundi, sai Na'isa, wadda aka rushe tsohon gininta cikin 2010 don faɗaɗa titi aka yi sabo. Ta Gadon Ƙaya ne Kwararrafa suka shigo a zamanin Sarki Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17, suka yi ɓarna mai yawa. Ƙofar Famfo kuwa sunanta ya nuna dalilinta, aikin ruwa ne ya kawo ta. Sai Dukawuya, ga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a tsallaken titi. Sai Kabuga. A nan ne ran 3 ga watan Fabrairu 1903 rundunar Kanar Molan ta fasa ƙofa da igwa ta shiga. Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato da yawancin mayaƙa, Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya tsaya da 'yan mutanensa har aka kashe shi.

Igwar Turawa ƙofa ta fasa, ba ta rushe ganuwa ba. Abin da ya rushe ta a hankali ya zo. Da yaƙi ya ƙare aka bar gayya, ruwa ya riƙa cinta. Masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta. Daga baya aka soma yanka filaye a jikinta da cikin gwalalonta, aka yi shaguna da gidaje da gidajen mai. Tsakanin Nasarawa da Kabuga akwai inda ta ke tsaye da sauran kwarjini, akwai inda ta zama tudu awaki suna hawa, akwai inda babu ko alama. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke nema wa shiga kayan tarihin duniya tun 2007, amma takarda ba ta yaɓe.

Haka kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gina birni su ne, su kan tare ruwan sama da damina. Da aka yi ta cike su a na gini a kai, ruwa bai sami wurin zama ba, sai ya shiga gidajen mutane.

ABIN DA YA RAGE GA MA'AIKACI

Wanda ya iso Kabuga da almuru, ƙafa ta yi ƙura, ya ga abu biyu. Ya ga abin da magabata suka bari, ya ga kuma yadda ya ke ƙarewa. Ba wani fili da aka yanka a jikin ganuwa ba da wani ya sa hannu a takarda ba, ba wani kududdufi da aka cike ba da sanin mai unguwa ba. Waɗansu sun sa hannu don kwaɗayi, waɗansu don tsoron na gaba da su, amma da yawa don ba su taɓa zuwa sun ga wurin da idonsu ba. Gani kuwa ya kori ji.

Malaman taki ba su da mota, ba su da injin awo, amma sun bar littattafan da a ke iya sanin gonar wane ta yi iyaka da ta wane. Abin da suka yi wa gonaki, ba zai gagari magadansu su yi wa unguwanni ba. Ko wane wakili da mai unguwa ya taka yankinsa sau ɗaya a shekara kafin damina, da magatakarda a bayansa, a rubuta tsofaffin masallatai da soraye da rijiyoyi da karofi da kududdufai da abin da ya saura na ganuwa, a tambayi dattawa sunan ko wanne da dalilinsa tun suna da rai. In aka kawo takardar neman fili, a buɗe littafin nan kafin a ɗauki alƙalami.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka gina, da waɗanda suka yi yaɓe, da ma'aikatan da suka riƙe amana. Allah ya ba na baya ikon riƙe abin da ya rage, amin.